Kuɗin marayu sun narke a hannuna ban taɓa ko sisi ba: alhakin wa?

Mai Albasa, Ramin Kura:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon masu ilmin cikinmu su ba ni amsa ta gaskiya, ba ta lallashi ba. Idan mai mulki ya sa darajar kuɗi ta zube, ko ya wayi gari ya ce takardar da ke aljihunka ta daina aiki, har dukiyar bayin Allah ta salwanta ta wannan hanya, wa Allah zai tambaya? Yin shiru a kan haka yana cikin biyayyar da aka ce mu yi wa shugabanni, ko kuwa zalunci ne da ya kamata a kira shi da sunansa a kan mumbari?

Ga dalilin tambayar. Yayana ya rasu bayan Babbar Sallar 2022, ya bar 'ya'ya uku, babbansu yana ƙaramar sakandare a lokacin. Da aka raba gado, rabon yaran na tsabar kuɗi ya kama naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, dangi suka ce ni zan riƙe. Ni sana'ata albasa, ina sayowa daga Gada da Wurno da Goronyo in loda zuwa Kudu. Uwar yaran ta roƙe ni kada in sa kuɗin a albasa, kuma ban ga laifinta ba, don duk wanda ya taɓa buɗe rudu, wato ma'ajin albasa, ya tarar rabin kayansa ya zama ruwa ya san abin da take tsoro. Sai na buɗe musu asusu daban na zuba, takardun suna wurinta. A lokacin kuɗin sun isa su sayi fili mai kyau a bakin gari ta hanyar Dange, har a samu ragowa. Da na koma tambaya bayan shekara biyu, ko rabin irin filin ba su kai ba. Lissafin da ke asusu yana nan yadda na zuba shi, amma abin da zai saya ya tafi. Babban yaron ya fara wayo, ya san nawa ubansa ya bari, wata rana zai tsaya gabana ya tambaye ni.

Sai abin da idona ya gani a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, daidai sa'ad da sabuwar albasa ke shigowa. Kasuwa ta koma farashi biyu, na tsaba daban, na taransifa daban. Akwai wani dattijo daga fadamar Wurno da muke ciniki da shi tun mahaifinmu na da rai. Bai da asusu, wayarsa ma ƙarama ce mai tocila, ɗaure da roba. Na ce in tura wa ɗansa, ya girgiza kai ya ce, "Ni ba ni son kuɗɗin waya, ka ba ni abin da ni ka riƙewa ga hannu." Ba ni da sababbi, tsofaffi kuma ba wanda zai karɓa a ƙauyensu. Ina tsaye wani mai sababbin takardu ya saye kayan da ragin da ko a mafarki dattijon ba zai yarda da shi ba a wata shekarar. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya cusa a aljihun 'yar ciki, bai ce wa kowa komai ba. Wahalar rani guda ke nan, ban-ruwa da taki da fetur na injin.

A makonnin nan kuma na ga alhazai 'yan sahun farko, waɗanda ba su taɓa kusantar kuɗin ruwa ba tun da aka haife su, suna layi wurin masu POS suna ba da dubu biyu, wani lokaci uku, don a ba su dubu goma tasu ta kansu. Naira da naira, da ƙari a kai. Wanda ya tura su ga haka, shi ba ya da kaso a zunubin?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne huɗubobin da muka sha ji. An yi mana wa'azi a kan tauye mudu da ɓoye abinci, kuma daidai ne, akwai masu yi a cikinmu. Amma naira ita ce mudun da ake auna gumin kowa da shi, daga mai tura baro har gwamna. Wanda ya kankare wannan mudun, malamai kaɗan ne na ji sun taɓo shi. Mafi yawa cewa suka yi mu yi haƙuri, zunubanmu ne. Na yarda muna da zunubi. Marayun nan fa, wane zunubi suka yi? Kuma muna ganin inda kujerun Hajji da motoci da buhunan azumi suke sauka, ba a ɓoye ake yi ba. Ba na zagin malamai, su ne fitilunmu, a hannunsu na yi karatun allo. Ina dai son in san abin da littafi ya ce.

Almajirin Zaure, Kofar Atiku:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari.

Alhaji, bari in fara da abin da zai sa ka samu barci. Mai riƙon amana ba a ɗora masa biyan abin da ya salwanta ba tare da sakaci ko ta'adi daga gare shi ba. Ka ware kuɗin, ka bar shaida a hannun uwarsu, ba ka ci ba. Ayar da ta yi narko ga masu cin dukiyar marayu da zalunci ba da kai take ba, in sha Allahu.

Matsalar nan ba sabuwa ba ce a wurin malaman fiƙihu. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan, an ce idan aka soke kuɗin da ake ciniki da su, wanda ake bi bashi zai biya kwatankwacin abin da ya karɓa, in kuma sun ɓace gaba ɗaya sai a koma ga ƙima. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tafi a kan haka a zamanta na Kuwait a 1988, cewa bashi da adadinsa ake biya. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, shi ya ce a duba ƙima. Sai dai ka lura, duk wannan hukunci ne na tsakanin mutum biyu da asara ta faɗo musu daga sama, ana neman yadda za a raba su lafiya. Bai wanke wanda ya jawo asarar ba.

Shin mai mulki yana da ikon buga kuɗi da sauya su? Yana da shi. A zamanin Manzon Allah (SAW) da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake ciniki a Madina, bai hana ba. Sai a shekara ta 77 bayan hijira Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu hoto a jikinsa sai rubutu, kuma daga baya ambaton sunan sarki a huɗuba da buga shi a jikin kuɗi suka zama manyan alamomin mulki. Imamu Malik ma ya ce da mutane za su yarda da fata a matsayin kuɗi, a buga mata hatimi, da ya ƙi a sayar da ita da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Wato hukuncin kuɗi ya hau kanta. Saboda haka takarda ba ita ce matsalar ba.

Amma ikon yana da sharaɗi. Ƙa'idar malamai ita ce duk abin da shugaba zai yi a kan talakawansa rataye yake da maslaharsu. Kuma ka san daga ina suka ciro ta? Daga maganar Sayyidina Umar, da ya ce ya ajiye kansa game da dukiyar Allah a matsayin waliyyin maraya. Imamu Shafi'i ya ce matsayin shugaba ga talakawa shi ne matsayin waliyyi ga maraya. Ka ga ke nan, Alhaji, kai da mai riƙe da kuɗin ƙasa a babi ɗaya kuke. Tsoron da ya hana ka taɓa sisin yaran nan, shi ne shari'a ke nema daga gare shi a kan mutum sama da miliyan 200. Tambayar da kake jin tsoron yaron zai yi maka, shi ma za a yi masa, a wurin da babu kakaki babu lauya.

Ibn Taimiyya ya yi magana kai tsaye a kan irin abin da ka gani. Ya ce sarki ya buga wa mutane kuɗi a kan ƙima ta adalci, kada ya mai da buga kuɗi hanyar cin ribarsa, kuma kada ya haramta waɗanda ke hannun mutane ya buga wasu, domin hakan yana lalata dukiyarsu. A tafsirin Suratu Hud kuma, inda mutanen Annabi Shu'aibu suka ce masa ko sallarsa ce ke hana su yin abin da suka ga dama da dukiyarsu, magabata sun ambaci cewa yanke gefen dinari da dirhami yana cikin ɓarnar da suke yi.

Na ji masu kawo hadisin nan na cewa Allah ne mai sanya farashi, don su rufe bakin mutane. Su ƙarasa shi mana. Da aka nemi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi ya ƙi, dalilin da ya bayar shi ne yana fatan ya gamu da Allah babu wanda ke bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Hadisin tsoratar da shugaba yake yi a kan taɓa dukiyar mutane, ba lasisi yake ba shi ba.

Biyayya kuwa, abin da aka hana shi ne ɗaukar makami da tayar da fitina. Faɗin gaskiya a gaban shugaba azzalumi, hadisi ya kira shi mafificin jihadi. Zancen kyauta kuma ba zan tsawaita ba, don ni ƙaramin almajiri ne, waɗanda ake magana a kansu sun girme ni. Amma kowa ya san labarin ma'aikacin zakkar da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa. Wallahu a'alam.

Malamar Tarihi, Mabera:

Allah ya saka da alheri, Malam. Ni abin da ke ba ni takaici shi ne a ce a Sakkwato ake wannan tambaya kamar baƙuwa, alhali garin nan a kan wannan rigima aka kafa shi. Ina koyar da tarihi a sakandare, kuma duk shekara sai na tarar yara sun haddace 1804 da Tafkin Kwatto da faɗuwar Alƙalawa a 1808, amma ba su san me ya faru a Magami ba.

Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Idi, ya yi musu kyauta. An ruwaito cewa abin da aka ajiye wa Shehu Usmanu miskali 500 ne na zinariya. Shehu ya ce shi da jama'arsa ba su da bukatar dukiyar sarki. A madadinta ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya amsa, a mutunta masu rawani, a saki waɗanda ke tsare, sannan kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Ku duba na ƙarshen nan da kyau. Da Shehu ya miƙa hannu ya karɓi zinariyar, da wane baki zai yi maganar harajin talaka? Sauran malaman da suka karɓa a ranar, yau wa ya san sunansu?

A Kitabul Farƙ, Shehu ya jera abubuwan da ya ce hanyar sarakunan zalunci ce, kuma da sunayensu na Hausa ya kira su: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, da tawasa da ake karɓa wurin mahauta. Bai tsaya ga cewa a ji tsoron Allah a dunƙule ba, ya san kowace kafa da kuɗi ke bi daga hannun talaka zuwa fada. Sannan ya ƙididdige hanyoyin da suka halatta kuɗi su shiga baitulmali, bakwai kawai.

Ba zan yi muku kwalliya ba, abin bai daɗe a haka ba. Tun ana cikin jihadi, a 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar ya nufi gabas saboda abin da ya gani na son mulki da dawaki da tufafi da tara ƙwaraƙwarai a cikin jama'a. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki. Muhammadu Bello, marubutan tarihinsa sun ce daga guminsa yake ci, ba daga baitulmali ba. Amma bayansu jangali da gaisuwa sun dawo a masarautu. Kuma daular ba ta taɓa buga kuɗinta ba. Da wuri ake ciniki, wanda asalinsa daga tsibiran Maldives yake, da dalar azurfa ta Turawa, manyan biya kuma har da bayi ake yin su, wannan ma gaskiya ce da ya kamata mu iya faɗa. A Kano a 1851, Bature matafiyi Barth ya tarar dala ɗaya wuri 2,500 ce. Da 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wuri daga Zanzibar jirgi-jirgi, darajarsa ta yi ta zubewa, mai taskar wuri a ɗaka ya talauce yana zaune. Irin ciwonka ke nan, Alhaji, kakanninmu sun ɗanɗana.

Da Turawa suka ci garin nan a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, kwanaki kaɗan bayan haka shugabansu Lugga ya tara manyan gari ya gaya musu cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi da ikon sa haraji, duk sun koma hannun Ingila. A 1904 ya hana shigo da wuri. Sannu a hankali haraji ya koma sai da kuɗin Bature, wanda ba ka samunsa sai ka noma gyaɗa ko auduga ko ka tafi ci-rani. Aka kafa baitulmalin En'e, aka yanka wa sarakuna da alƙalai albashi. Tun daga nan mai biyan albashi shi ke da magana ta ƙarshe, kuma mun ga haka da idonmu a 1996 da aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki. Haraji da jangali kuwa sai a 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP suka soke su a Kano da Kaduna. To yanzu ba a turo ɗan doka ƙofar gidanka karɓar haraji, ana cire shi ne daga cikin kuɗin da ka ajiye, maraya da attajiri kowa a ba shi kasonsa.

Tsohon Ma'aikacin Banki:

Hajiya da Malam sun yi bayani mai kyau, amma bari in ɗan ja da Alhaji a wuri ɗaya. Abubuwa biyu ka haɗa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Sauya fasalin naira yana da dalilan da aka bayar, kuma ba na banza ba ne. A Oktoban 2022 Babban Banki ya ce cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Ga kuɗin fansa, ga jabu, ga sayen ƙuri'a da zaɓe ya gabato. Mu a jihar nan mun fi kowa sanin inda buhunan tsaba ke tafiya a daji. An yi irin wannan canji a 1968 lokacin yaƙin basasa, an yi a 1984. Inda aka ɓata shi ne wa'adin daina karɓar tsofaffin takardu da ƙarancin sababbin, a ƙasar da akwai ƙananan hukumomin da ko reshen banki ɗaya babu. Kotun Ƙoli ta rushe wa'adin ranar 3 ga Maris 2023, kuma jihar Sakkwato na cikin waɗanda suka shiga ƙarar. Wahala ce ta gaske, amma ta wuce, tsofaffin takardun ma har yanzu suna aiki.

Abin da ya cinye kuɗin marayunka daban ne, kuma shi ba a layi ake ganinsa ba. A lokacin, doka ta yarda Babban Banki ya ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi na ɗan lokaci, amma kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata. Wannan rance ya taru har ya kai naira tiriliyan 22.7, majalisa ta amince a mai da shi bashi na dogon zango a watan Mayun 2023. Kuɗi ne da aka ƙirƙira ba tare da an ƙara ko buhun gero ɗaya a ƙasa ba. Sai aka cire tallafin mai a ƙarshen wannan watan, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a wannan shekarar. A ganina, zuwa lokacin da aka saki nairar an riga an yi ɓarnar, sakin fallasa ta kawai ya yi.

Shi ya sa nake ganin ba duk shirun malamai ne na kyauta ba. Da yawansu, wallahi, ba su san akwai wannan rancen ba, balle su san haddin da doka ta sa masa. Hajiya ta ce Shehu ya san kowace kafa da sunanta. To malamin yau sai ya san kasafin kuɗi kamar yadda ya san babin zakka, in ba haka ba ɗan tireda kawai zai riƙa gani. Mu ma kuma da namu. Ranar zaɓe an raba taliya da atamfa da 'yan dubbai, an karɓa ana shewa, ba wanda ya tambayi daga ina suka fito.

Ɗan Tangaza:

Ku gahwarce ni, ni ba malami na ba, amma ina son in ƙara abin da mu munka gani nan yamma. Ku can birni kuna maganar gwamnati ta rage ma kuɗɗi daraja. Mu nan akwai wuraren da mai bindiga shi ad da iko, kuma abin da ya fara yi shi na karɓar kuɗɗi. Can gabas, wajen Isa da Sabon Birni, garuruwa sun sha haɗa miliyoyi kafin a bar su su yi noma. Nan Tangaza da Gudu kuwa, 'yan bindigar da aka kira Lakurawa da sunan zakka sunka zo. Wani ɗan'uwan mahaifiyata, shanunai ba su kai talatin ba, ko nisabi ba su cika ba, anka zo anka zaɓi wadda anka ga dama anka kora. Ko ni da ban yi nisa ga karatu ba na san shanu talatin maraƙi guda a kansu, kuma na san mutum takwas da Alƙur'ani ya ce a ba zakka, mai bindiga ba shi ciki.

Ku tuna Gudu nan na anka yi ma Shehu mubaya'a. Abin da ciwo.

Lokacin canjin kuɗɗi kuma, mutanenmu na bakin iyaka da yawa sefa, kuɗɗin Nijar, sunka koma ma, don ita dai ba ta mutu ga hannunsu ba. Shi ya sa ni ban yarda a ce a zubar da hukuma ba, mun ga yadda rashinta yake. Amma hukumar da ba ta tsare ranka ba, ba ta tsare saniyarka ba, kuma kuɗɗinta ba su tsare guminka ba, Malam, wace biyayya ta rage mata a wuyanmu? Da gaske nike tambaya.

Mai Albasa, Ramin Kura:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Ɗan'uwa na Tangaza, Allah ya kawo muku sauƙi, ya mayar wa kawunka da alheri. Kukana ya zama ƙarami a gaban naku.

Malam, maganar Sayyidina Umar ban taɓa jin ta ba sai yau, na karanta wa uwar yaran ta waya. Yallaɓai na banki, na karɓi bayaninka a kan rancen, ban san da shi ba, kuma na yarda ba kowane malami ne ya sani ba. Amma ban yarda cewa wahalar canjin kuɗi ta wuce ba. Ta wuce a takarda. Dattijon da na ba ku labari bai noma albasa a ranin da ya biyo ba, don jarin ya karye, ɗansa yana Legas yana acaba. Wanda ya sa wa'adin bai san shi ba, kuma ba wanda ya zo ya ce masa yi haƙuri. Rashin sani kuma uzuri ne ga wanda bai da hanyar tambaya. Malamin da gwamna ke kira a waya yana da hanyar tambaya.

Yanzu ga abin da ke gabana. Kuɗin suna nan suna ci gaba da narkewa. Ina tunanin in saya musu tumaki da 'yan maruƙa in ba wani amintacce kiwo a wajen Bodinga, ko in sayi gero da kaka a ajiye. Uwarsu tana tsoron ɓarayin shanu, ni ma ina tsoro. Shari'a ta ba ni damar juya kuɗin ko da akwai haɗari? In an yi asara, a wuyana take? Kuma zakka ta hau kansu alhali masu su yara ne?

Almajirin Zaure, Kofar Atiku:

Ɗan'uwa na Tangaza, abin da aka karɓa a hannun kawunka ƙwace ne, ko da an kira shi zakka. Tambayarka ta biyu kuwa ta fi ƙarfin amsar gaggawa, kuma ba na son in faɗi abin da wani zai ɗauka ya yi ɓarna da shi. Zan kai ta gaban malaminmu bayan karatun Asuba, in dawo maka da abin da ya ce.

Alhaji, a mazhabar Malik zakka tana hawa dukiyar yaro, waliyyi ne ke fitarwa. Amma ba a dunƙule za ka duba ba, rabon kowane yaro daban, ka gwada shi da nisabin bana, wanda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha take sanarwa. In rabon ɗaya bai kai ba, babu komai a kansa.

Juya kuɗin kuwa ya halatta, har an so a yi. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar ya ce a yi kasuwanci da dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta, kuma Nana A'isha takan ba da dukiyar marayun da ke hannunta ga masu yi musu fatauci. In ka zaɓi abin da mai hankali zai zaɓa wa kansa, ka ba amintacce, asarar da ta zo daga Allah ba ta wuyanka. Shawarata kada ka zuba su wuri ɗaya, kuma kada ka haɗa su da jarinka. Ka kira uwarsu da mutum biyu daga dangin ubansu, a rubuta nawa aka fitar da abin da aka saya da wanda aka ba, kowa ya sa hannu. Babban yaron ma a zaunar da shi a wurin, ya ga komai da idonsa.